ADDU'A A MAKARANTAR GWAMNATI: TAMBAYAR DA WANI UBA YA YI MANA

Jama'a, wannan rubutu yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari. Yau kwana huɗu ke nan ina juya maganar a raina. Na rubuta na goge ya fi sau uku, don na san akwai abokaina da ba za ta yi musu daɗi ba. Amma dai gara na faɗa na huta.

Waɗanda suka san ni sun san aikina koyarwa. Shekara 17 ke nan ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a arewacin jihar Kaduna, kuma shekara huɗu ke nan ni ne mai kula da taron safe na ɗalibai. Yadda muke yi ba baƙon abu ba ne. A kaɗa ƙararrawa, yara su yi layi aji-aji, a kira ɗaya ya karanta Fatiha da salati, ya yi addu'a a shafa, a rera taken ƙasa, shugaban makaranta ya yi sanarwa, kowa ya nufi aji. Haka na tarar, haka na ci gaba da yi. Wallahi ban taɓa tsayawa na tambayi kaina komai a kai ba.

Ranar Asabar muka yi taron iyaye da malamai. An gama maganar kuɗin gyaran rijiyar burtsatse da na rufin ajin da iska ta yaye, ana shirin tashi, sai wani mutum ya ɗaga hannu daga can baya. Bakanike ne, na san shi, ya sha gyara mini babur. Bahaushe ne gaba da baya, daga cikin 'yan uwanmu Hausawa Kirista na ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ya miƙe a natse ya ce:

"Ranka ya daɗe shugaba, malamai, a yi mini afuwa. Ni ba rigima ta kawo ni ba. Ranar Talata 'yata ta dawo gida tana ɗingishi. Na tambaye ta, ta ce wani ɗalibi mai kula da layi ne ya sa ta tsallen kwaɗo, wai don ba ta ɗaga hannu ba lokacin addu'a. Ta ce masa ita Kirista ce, ya ce a nan kowa sai ya yi. Ni ban ce a daina addu'a ba. Tambaya ɗaya ce da ni: makarantar nan, da mu a cikinta, ko ba da mu ba?"

Wuri ya yi tsit. Shugaba ya ba shi haƙuri, ya ce za a bincika. Wani da ke kusa da ni ya yi ƙunƙuni, ya ce, "Su nawa ne ma duka-duka?" Ni kuwa ban iya cewa uffan ba, domin mutumin ya mayar da ni shekara talatin da wani abu baya.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan sanda ne. A 1988 aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari a kudu maso gabas, muka tattara komatsanmu muka bi shi bariki. Ina aji uku na firamare lokacin. Makarantar da aka sa ni asalinta ta mishan ce, gwamnati ta karɓe ta bayan yaƙin basasa, amma al'adunta na coci suna nan yadda suke. Mu huɗu ne kaɗai Musulmi, duk 'ya'yan bariki. Kullum da safe za a ce kowa ya rufe ido, ya haɗa hannu, a karanta addu'a baki ɗaya. Inna ta ja mini kunne tun a gida cewa kada na kuskura na faɗi abin da suke faɗi. Saboda haka sai na tsaya ƙiƙam, ido buɗe, baki rufe. Kwana na uku wani malami mai zagaya layi da tsumagiya ya gan ni. Bulala shida a tafin hannu, a gaban makaranta duka.

Baba ya sa kakinsa ya je ya ga hedimasta. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san ya dawo ya zaunar da ni, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ka riƙa rufe idon. Ka motsa bakinka yadda suke yi, amma ka karanta Ƙulhuwallahu a zuciyarka." Haka na yi shekara biyu. Har yau ban manta da fuskarsa a ranar ba, fuskar uban da ya kasa kare ɗansa. Ita na sake gani ranar Asabar a jikin bakaniken nan.

Bulalar nan ba ta mayar da ni Kirista ba, ko kusa. Abu biyu ta koya mini. Ta koya mini motsa baki da abin da babu shi a zuciya, wanda a addininmu sunansa munafunci. Ta kuma koya mini cewa makarantar ba tawa ba ce, alfarma ake yi mini. Amma zan zama mara adalci idan ban ambaci wata malama Kirista da ke makarantar ba. Da azumi ya zo, ita ce ta hana a sa mu yankan ciyawa cikin rana, kuma duk ranar Juma'a sai ta sallame mu da wuri mu bi iyayenmu masallaci. Ba wanda ya sa ta. Da wancan malamin da wannan malama addininsu ɗaya, makarantarsu ɗaya. Har gobe ina tuna ta da alheri.

To, tun da labarin taron ya fita nake jin ra'ayi iri biyu, kuma duka biyun ban gamsu da su ba.

Na farko shi ne na wasu abokaina 'yan boko. Suka ce, "Ka gani ko? Maganin abin a cire addini daga makarantar gwamnati gaba ɗaya, kamar yadda ƙasashen da suka ci gaba suka yi. Mai son addini ya je Islamiyya ko coci." Yawanci da Amurka da Faransa suke kafa hujja.

Bari mu duba. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1962 cewa hukumar ilimi ta jihar New York ba ta da hurumin tsara addu'ar da yara za su karanta a makarantun gwamnati. A 1963 ta haɗa da karatun Baibul da makaranta ke shiryawa. Sai dai a lura, gwamnati aka hana jagorantar ibada, ba a hana yaro yin addu'arsa shi da kansa ba. Kuma maganar ba ta mutu ba. A 2022 wannan kotu ta goyi bayan wani mai horar da 'yan ƙwallo na makarantar gwamnati da ke durƙusawa ya yi addu'a a fili bayan wasa. A 2024 jihar Luwiziyana ta yi dokar a maƙala Dokoki Goma na Baibul a kowane aji, aka sake komawa kotu. Sama da shekara 60 ana abu ɗaya. Ita kuwa Faransa hanyarta daban: a 2004 ta hana ɗalibai sa duk wata alama ta addini da ta fito fili, har da ɗankwalin hijabi, a 2023 ta ƙara da abaya. Wanda ke ce mini mu kwaikwayi Faransa, ya fara gaya wa ƙanwarsa ta bar hijabinta a bakin ƙofar makaranta, mu ji abin da za ta ce masa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu a nan, tarihin bokonmu ma da tsoron rasa addini ya fara. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, kuma tun daga lokacin iyaye ke ɗari-ɗari da ita. Har waƙar zambo ake yi wa 'yan makaranta a kan rashin salla. Da aka zo da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, kakata ta sha ba ni labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu idan an ji masu rubuta suna sun shigo gari. Me ya sassauto da zukatan mutane? Sun ga yaro ya je boko ya dawo yana salla, sun ga an sa malamin addini a makarantar, sun ga an keɓe wurin alwala. Ko a bara, da muka zagaya ƙauyuka muna roƙon a turo 'yan mata aji ɗaya, ba wanda ya tambaye ni ko muna da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Tambaya biyu ce: "Malam, za ta samu yin azahar? Za a bar ta da hijabinta?" UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu namu ne na Arewa. Ka cire addini daga makaranta yau, gobe ka ƙara yawansu, ka kuma miƙa wa masu wa'azin cewa boko haramun ne hujjar da suka daɗe suna nema.

Ba ma mu kaɗai ba. Lokacin da aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin darasi guda a manhajar makarantu, ƙasar nan ta ɗauki zafi, shugabannin Kirista da na Musulmi duk suka yi magana, sai da aka ba da umarnin a raba su a 2017. Wato a kan wannan batu ɗaya bakinmu ya zo ɗaya: ba mai son a raba ɗansa da addini a makaranta.

Ra'ayi na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin daga cikin gida yake fitowa. Masu shi cewa suke, "Garinmu ne, mu ne masu rinjaye, wanda ya zo sai ya bi." Na farko dai, bakaniken nan ba zuwa ya yi ba, kakanninsa a nan aka binne su. Na biyu, makarantar gwamnati ba ta masu rinjaye ba ce. Albashina daga baitulmalin jiha yake fitowa, kuma kuɗin da ke ciki ba a ware na Musulmi da na Kirista ba. Da makarantar kuɗi ce ta Islamiyya ko ta coci, wanda ya kai ɗansa ya san inda ya kai shi. Ta gwamnati kuwa ita ce ta talakan da ba shi da wani zaɓi.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar abin a duhu ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi, a keɓe ko a bainar jama'a. Sai ƙaramin sashe na 2 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini ko halartar ibadarsa ba, matuƙar ba addininsa ba ne, ko ba wanda iyayensa suka amince da shi ba. Ka ga dokar ba ta kori addini daga makaranta ba. Tilas ta kora.

Yanzu ku tuna murnar da muka yi ranar 17 ga Yuni, 2022. Ranar ce Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, bayan babbar kotun jihar ta goyi bayan haramcin a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2016. Ni kaina na yi rubutu a nan na ce gaskiya ta yi halinta. Ku tuna kuma yadda ranmu ya ɓaci a 2021, da rikicin hijabi ya sa gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 a Ilorin. Me muka riƙa faɗi a lokacin? Cewa muka yi makarantar da gwamnati ke biyan malamanta ta kowa ce, ba wanda ya isa ya tilasta wa 'yar Musulmi bin al'adar coci. To, wannan sashe na 38 da ya tsaya wa 'yarmu a Legas, shi ne dai ya tsaya wa 'yar bakanike a layin taron safe na makarantarmu. Ba zai yiwu mu ɗaga shi sama idan mu ne 'yan tsiraru, mu zauna a kansa idan mu ne masu yawa ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS da muke alfahari da ita, a Legas aka kafa ta a 1954, zamanin da yawancin makarantun can na mishan ne. Mun san zafin abin, bai kamata a ce sai an yi mana bayani ba.

Ko a ajiye dokar ƙasa a gefe, mu koma ga addinin kansa. Ni ba malamin addini ba ne, lissafi nake koyarwa, amma ko ɗan Islamiyya ya san aya ta 256 a Suratul Baƙara ta kore tilastawa a addini, ya kuma san ba a karɓar ibada sai da niyya. Hannun da aka ɗaga don tsoron tsallen kwaɗo, wace lada ke cikinsa? Wa ya amfana? Yarinyar dai abin da za ta tafi da shi gida shi ne Musulunci ya sa ta ɗingishi. Shi kuma yaron da ya hukunta ta ya koyi cewa addini sanda ce ta dukan na ƙasa da kai. Mun cuci yara biyu a lokaci guda.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga tsallen kwaɗon ma ƙaramin abu ne a kan abin da muka saba da shi har muka daina gani. Ɗalibanmu Kirista ba su kai 30 ba. Tun da malamin darasin addininsu ya yi ritaya, shekara uku ke nan, ba a turo wani ba, mu ma ba mu matsa ba. Idan lokacin darasin addinin Musulunci ya yi, ko su zauna a ƙarshen aji su yi tagumi, ko su fita gindin darbejiya. Kuma ana sa ran su rubuta jarrabawar darasin nasu a ƙarshe. Da 'ya'yanmu ne aka yi wa haka a Enugu, da yanzu hotunansu sun cika Facebook.

Kada kuma wani ya ce ƙaramar magana ce. Mu 'yan jihar Kaduna mun fi kowa sanin inda irin wannan ke kaiwa. Rikicin watan Maris na 1987 a harabar kwalejin horar da malamai ta Kafanchan ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya fantsama zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. Bayan na shekarar 2000 kuwa, garin Kaduna ya rabe, kogi ya zama iyaka, kowa ya koma cikin nasa. Yau akwai yaran da za su girma ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Makarantar gwamnati na cikin 'yan wuraren da suka rage inda suke zama benci ɗaya. Abin da suka koya a kan bencin nan, shi za su fito da shi titi nan da shekara goma.

Ranar Litinin na je wurin shugaba tun kafin a kaɗa ƙararrawa, na ba shi labarin bulalata shida. Muka kira sauran malamai muka tsayar da abu huɗu. Za a ci gaba da addu'a, amma minti goma na farko kowa da nasa: Musulmi a fili, Kirista a aji ɗaya tare da malamar Turancinmu, wadda ta ce ta ɗauki nauyi. Daga nan a haɗu a yi taken ƙasa da sanarwa tare. Na biyu, ba ɗalibi ko malamin da zai sake hukunta yaro a kan ibada. Wanda ya ga ɗan Musulmi yana wasa da salla ya yi masa nasiha, in ya ƙi a gaya wa iyayensa. Na uku, hutun azahar yana nan daram, kuma a lokacin 'yan ƙungiyar ɗalibai Kirista suna da damar yin taronsu. Na huɗu, mun rubuta wa ofishin ilimi na shiyya takardar neman malamin darasin addinin Kirista, ni na kai ta da hannuna.

Ba a rabu lafiya lau ba fa. Wani abokin aikina, mutumin kirki wanda nake girmamawa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yau ka raba layi, gobe za a ce a daina Fatihar gaba ɗaya." Na fahimci tsoronsa, ba kuma zan ce ba shi da dalili ba. Abin da na ce masa shi ne, a ganina ba adalci ne zai kori addu'a daga makaranta ba. In ma wani abu zai kore ta, to ranar da wani uba ya gaji ya kai mu kotu ce, kuma ranar ba mu da bakin magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bai ce ya yarda ba, amma jiya shi ya ja addu'ar da kansa.

Na kuma kira yaron da ya yi hukuncin. Ban dake shi ba. Ya ce shi a zatonsa aikin lada ya yi. Na tambaye shi wa ya gaya masa haka, ya yi shiru yana kallona. Ban sake tambaya ba, domin shekara huɗu yana ganina ina zagaya layi da tsumagiya a hannu lokacin addu'a. Shi da kansa ya je ya ba yarinyar haƙuri.

Saura abu ɗaya, kuma da mu malamai nake. Idan da gaske muna son addini a makaranta, kada ya tsaya a minti goma na safe. Makarantar da ake buɗe ta da Fatiha ko da sunan Yesu, sannan lokacin jarrabawar fita a tara kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo, me ta koya musu game da tsoron Allah? Yara ba sa jin abin da muke faɗi kamar yadda suke ganin abin da muke yi. Ni dai a makarantar can ta kudu, malamar da ta hana a sa mai azumi yankan ciyawa ta fi mai tsumagiya yi wa addininta wa'azi.

Jiya da yamma na biya ta garejin bakaniken. Na ce masa, "Maigida, tambayar da ka yi, ga amsarta: da ku a ciki." Ya goge hannunsa da tsumma ya miƙo mini, ya ce, "Malam, Allah Ya bar zumunci." Sannan ya ce tayar bayan babur ɗina ta kusa ƙarewa, na kawo ta kafin ta kunyata ni a hanya.

Wanda yake da ɗa a makarantar gwamnati, ina roƙonsa ya tambaye shi yau da daddare: su nawa ne a ajinku waɗanda ba addininku ɗaya ba, kuma ina suke tsayawa idan ana addu'a? Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, ya gyara mini cikin mutunci, ina saurare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon yin adalci ko da a kan kanmu ne.